Yayana da Birkin Jirginsa

Mu uku mahaifiyarmu ta haifa: Yaya, ni, sai Auta. Yaya gyaran injin fotokofi yake yi tun yana saurayi, a wani shago siriri kamar lungu, tsakanin mai ɗaukar hoto da mai yanka gilashi. Duk wanda ya gaisa da shi sai ya duba tafin hannunsa, don baƙin garin tawada ba ya fita daga ƙarƙashin farcensa ko da me ya wanke. Mutum ne mai haƙuri da inji, marar haƙuri da mutane. Zai wuni yana lallashin injin da ke cinye takarda, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, amma kada mai injin ya kuskura ya tambaye shi sau biyu yaushe zai gama.

Tun muna yara abu ɗaya yake so a duniya, tuƙin jirgin sama. Idan jirgi ya gifta, ko abinci yake ci sai ya fita da cokali a hannu. Mahaifinmu ya rasu Yaya yana ajin ƙarshe a sakandare, sai ya ajiye littafi ya kama sana'a. Da ita ya riƙe gida, da ita ya yi wa Auta karatu har ya gama jami'a. Bai taɓa yi wa kowa gori ba, wannan kam zan shaide shi.

Auta ya samu aiki a kamfanin sayar da kayan asibiti, aikin da ke kai shi gari-gari. Ranar da ya dawo daga tafiyarsa ta farko a jirgi, Yaya ya rufe shago da wuri ya zo ya zaunar da shi.

"To, ba ni labari. Da ya zo tashi, ka ji lokacin da tayoyi suka bar ƙasa? Ka ga yadda bayan fiffiken ke saukowa?"

Auta ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi Yaya barci na yi. Ban farka ba sai da ake cewa a fito."

Yaya ya dube shi ya ce, "Allah kan ba mai barci kujerar taga." Muka yi dariya, shi ma ya yi. Amma har yau Yaya bai taɓa taka matakalar jirgi ba, kuma bai sake tambayar Auta labarin tafiya ba.

Sai da ya fara furfura ya gina nasa jirgin. A bayan gidansa akwai wani ɗan ɗaki da matarsa, wadda muke kira Anti, ke tara tsofaffin katifu da bokitai. Ya kwashe mata su, ya kafa kujerar tsohuwar bas a tsakiya, ya jera talabijin uku a gaba, ɗaya a tsakiya, biyu a gefe kamar tagogi. Sitiyarin ya yi shi da bututun ruwa da sandunan ƙarfe da ya ciro daga injinan da suka mutu a shagonsa. A ƙasa ya yi feda biyu na katako, waɗanda ake turawa da ƙafa a juya wutsiyar jirgi. Duka ya haɗa su da kwamfuta mai wasan koyon tuƙin jirgi. Idan ka zauna aka rufe ƙofa, ga titin jirgi shimfiɗe a gabanka, ga ƙarar inji a kunnenka, sai ka manta cewa bayan bangon nan igiyar shanya ce.

Unguwa ta sa masa suna Kyaftin. Da farko tsokana ce, amma ya karɓe ta hannu biyu. Ranakun hutu da yamma abokansa biyu kan zo, wani tsohon direban tirela da mai kemis na bakin titi, su zauna a benci a bayansa suna shan shayi suna ba shi shawarar da bai nema ba. Ban taɓa ganin Yaya cikin nishaɗi kamar a shekarun nan ba.

Abu ɗaya ne ya rage wa jirgin, birki. Kamar yadda ya yi mini bayani, a jirgi na gaske birkin yana saman fedar ne. Da dunduniya ake tura feda, da yatsun ƙafa ake danna birki, ƙafar dama na tayar dama, ta hagu na ta hagu. In ka danna kaɗan ya kama kaɗan, in ka ƙara ya ƙara. Shi kuwa Yaya maɓallin ƙararrawar ƙofa ya ɗaure a jikin sitiyari. Ko dai babu birki sam, ko kuma ya kama gaba ɗaya. Akwai wani ƙaramin jirgi mai taya a wutsiya da ya fi so, shi kuma da zarar an danna masa maɓallin nan sai ya ci da baki, wutsiya a sama. Tsohon Direba ya ce, "Kyaftin, da fasinjoji gare ka da duk ba su da haƙora." Yaya bai damu ba. Ya koyi danna maɓallin taf-taf-taf kamar mai buga ƙofa, yana cewa wata rana zai gyara.

Wata rana Auta ya kawo wa Anti saƙo, ya leƙa ɗakin, Yaya ya ce ya zauna ya gwada. Ya zauna, ya tashi jirgi, ya faɗo da shi a cikin bishiyoyi, ya fito yana dariya yana cewa ashe abin da daɗi. Yaya ya ji daɗi ƙwarai a ranar, har ya raka shi mota.

Ba a yi wata nawa ba sai ga kwalaye suna isowa gidan Auta. Komai sabo, komai daga kamfani. Ya ware ɗaki guda a sama mai sanyin na'ura, ya kira mu mu gani. Yaya ya zagaya kayan hannunsa a baya, yana gyaɗa kai, har idonsa ya sauka kan fedar. Baƙar ƙarfe ce mai sheƙi. Auta ya sa ƙafa ya danna samanta da yatsu, ta lanƙwasa a hankali, jirgin da ke allo ya rage gudu sumul ya tsaya.

"Ka gani Yaya, ita da birkinta ta zo. Ba sai an yi ta buga ƙararrawa ba."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Auta bai iya mugunta ba, abin da ya sa maganarsa ta fi zafi ke nan. Yaya ya ce, "Ya yi kyau," ya ce yana da aiki a shago, alhali ranar hutu ce.

Sannu a hankali benci ya koma babu kowa. Mai Kemis ne ya fara zamewa, wai gwiwarsa ta fi son kujera mai laushi. Tsohon Direba ya bi shi. Abin da ya ƙarasa Yaya shi ne ranar da ya kira Mai Kemis ya ji yana cewa a waya, "Muna gidan ƙaramin Kyaftin." Anti ta ce da ya dawo gida ko ruwa bai sha ba, ya shige ɗakin baya ya zauna a kujerar bas, bai ma kunna komai ba.

Daga nan duk hirar da aka ɗauko sai ta ƙare a kan Auta. Idan aka ce mota, ya ce wasu ba su san yadda ake canza taya ba amma suna da jirgi a ɗaki. Idan aka ce ruwan sama, ya ce wasu ko gajimare ba su taɓa kallo ta taga ba. Na ce masa, "Yaya, wannan fa ƙanenka ne, kai ka raine shi."

Ya ce, "Ni na ce ba ƙanena ba ne? Ina taya shi murna. Amma wanda ya sayi abu a kwali bai san abu ba. Ki tambaye shi me ke cikin fedar nan, ki ga in zai iya faɗa miki."

Matsalar ita ce shi ma bai san me ke cikinta ba, kuma abin na cinsa.

Ni ɗinki nake yi. Wata safiya sai ga shi a shagona, abin da ba ya yi. Ya zauna ya duba yadi, ya tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Yaushe za ki gidan Auta?"

"Lafiya?"

"Lafiya lau. In kin je, ki ɗan leƙa ƙarƙashin fedar nan ki ɗauko mini hoto da wayarki. Ta gefe ma. Kada ki ce ni na aiko ki."

Na je. Ina durƙushe a ƙasa da waya, ɗankwalina na neman faɗuwa, Auta ya shigo ya same ni. Ya tsaya yana kallona, ya ce, "Yaya ne ko?" Ban iya ƙarya ba ko a waya, balle ido da ido. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗauko sukundireba ya kwance fedar gaba ɗaya ya sa mini a buhu. Ya ce, "Kai masa ya buɗe ta ya gani son ransa. In kuma yana so, in yi masa odar irinta, ba wani abu ba ne."

Da na san abin da zai biyo baya da na bar rabin saƙon a hanya. Na faɗa wa Yaya duka. Fuskarsa ta canza.

"Ya yi mini oda? Ni? Na ce miki ina bara ne? Hoto na ce, hoto! Mayar masa da kayansa."

Ko ƙofar ɗakin bai bari buhun ya shiga ba. Amma da na shiga gaida Anti, na hango shi ta taga ya tsuguna, ya zura hannu cikin buhun yana danna fedar a hankali, yana saki, yana sake dannawa, kansa a karkace kamar mai sauraron bugun zuciya. Da ya ji motsina ya miƙe yana kakkaɓe wando.

Washegari na mayar wa Auta kayansa, shi kuma Yaya ya fara aiki a kan tasa fedar ta katako. Ya yanke saman kowace feda, ya maƙala shi da hinjin ƙofa don ya riƙa lanƙwasawa, ya sa sifirin a baya ya riƙa dawo da shi. Don kwamfuta ta san iya yadda aka danna, ya ciro abin ƙara murya na tsohuwar rediyo, irin wanda ake ja sama da ƙasa, ya haɗa shi da fedar da ɗan siririn ƙarfe, ya ja wayoyi zuwa wani ƙaramin allon lantarki. A kwamfutar akwai wani layi da ke hawa in an danna, ya sauka in an saki. Ranar da layin ya fara motsi ya kira ni a waya, wai in zo in gani.

Murnar ba ta daɗe ba. Layin rawa yake yi shi kaɗai kamar mai jin sanyi, ko ba a taɓa shi ba. Sifirin na dama ya fi na hagu ƙarfi. In ya tura feda da dunduniya, yatsunsa sai su danna birki ba da saninsa ba, jirgi ya ƙi gudu a kan titi. Ya kwance, ya ɗaura, ya sake kwancewa. Ya ƙona yatsa da dalma. Masu injina suka fara zuwa gida nemansa saboda shago a rufe. Anti ta ce masa, "Kai da ɗan'uwanka kuke gasa, mu muke shan wuya."

Ya ce, "Wace gasa? Gyara nake yi."

Da ya ga kamar abin ya daidaita, ya aika wa Tsohon Direba ya zo. Bai gayyaci Mai Kemis ba, don bai yafe masa maganar waya ba. Ni ma ina wurin. Yaya ya tashi jirgin nan mai taya a wutsiya, ya zagayo, ya sauko lafiya. Jirgin ya ɗan karkata dama, ya danna birkin hagu don ya miƙar da shi, sai ya ƙara yin dama. Ya ƙara dannawa, jirgi ya bar titi ya faɗa ciyawa yana juyi kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Ashe garin kwancewa da ɗaurawa ya sauya wayoyin, ta dama ta koma hagu.

Tsohon Direba ya kurɓi shayi ya ce, "A gidan ƙanenka dai ba ya haka."

Yaya ya kashe kwamfutar ya ce, "To ai ka san hanyar gidan." Sun daɗe ba sa gaisawa bayan wannan.

Na ɗauka zai haƙura. Ina! Ya watsar da kayan rediyon, ya koma ga wata dabara: ɗan mayen ƙarfe a jikin fedar, da wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa da ke jin kusantowarsa. Babu abin da ke gogar wani, don haka layin ya daina rawa. Ya kwantar da fedar baya kaɗan don yatsu su daina danna ta da kuskure. Saura sifirin. Ya zo shagona ya ga tsofaffin kekunan ɗinki biyu masu lantarki da na jingine, ya juya abin takawarsu ya buɗe, ya ce, "Kina amfani da waɗannan?" Kafin in amsa ya sa sifirin ɗin a aljihu. Iri ɗaya ne sak, tagwaye. A bayansu ya ƙara guntun roba da ya yanko daga tsohuwar taya, yadda farkon dannawa zai zo da laushi, ƙarshensa ya yi tauri.

Ya yi. Na ga layin yana hawa a hankali yana bin ƙafarsa, yana tsayawa inda ta tsaya. Amma bai gayyaci kowa ba. Yana ta gwaji shi kaɗai, don yana so ya sauko da jirgin ya tsayar da shi kafin kwanar farko ta titin, kuma kullum sai ya ɗan wuce ta.

Mama ce ta raba gardamar. Ta tsufa amma ba abin da ke wuce ta. Ta lura Yaya ya daina zuwa gidan Auta, kuma in Auta ya zo gaishe ta ya tarar da shi, sai Yaya ya tuna da wani aiki. Ta tambaye ni na faɗa mata. Ta riƙe haɓa ta ce, "Yau na ga ikon Allah. Ƙatti biyu suna gaba a kan jirgin da ko ƙofar ɗaki ba ya fita." Ta sa Auta ya ɗauke mu a mota, ba tare da an sanar da Yaya ba.

Muka same shi a ɗakin baya. Mama ta zauna a benci ta ce, "Tashi ka ba ƙanenka ya hau in gani." Ba a yi wa Mama musu. Yaya ya tashi ya jingina da bango, ya harɗe hannu.

Auta ya cire takalmi ya zauna. Ya taka fedar, ya danna, ya saki, ya sake dannawa. Sai ya sunkuya yana leƙen ƙasa.

"Yaya, me ka sa a ciki?"

"Tarkace."

"Wallahi ta fi tawa. Tawa kamar soso take, ba ka jin inda birki ya kama. Wannan kuwa ƙafarka na gaya maka."

Na ga wuyan Yaya ya ɗan miƙe. Ya fara bayanin robar taya, muryarsa na sakewa, har ya tsuguna yana nuna masa mayen ƙarfen. Auta ya tashi jirgin, ya zagayo, ya sauko, ya danna birki a hankali. Jirgin ya rage gudu, wutsiyarsa ko motsi ba ta yi ba, ya tsaya cak kafin kwanar farko, har da sauran fili.

Mama ta tafa hannu. Yaya kuwa bai tafa ba. Na san abin da ke ransa, don na ga sau nawa ya nemi tsayawar nan bai samu ba.

Auta ya juyo yana murmushi ya ce, "Don Allah Yaya ka yi mini irinta."

"Ba ni da lokaci. Ka yi oda."

Mama ta ce, "Zai yi maka."

Ya kuwa yi. Yana yi yana mita, wai an mai da shi ɗan aiken masu kuɗi. Sai dai Yaya bai iya aikin ha'inci ba, ko da yana so. Duk kuskuren da ya yi a tasa ya kauce masa a wannan. Ya samo katako mai kyau ya goge shi, ya ɓoye wayoyin a ciki, ya yi mata wani ɗan noti da ake murɗawa a ƙara wa birkin tauri ko a rage. Da ya gama ya haɗa ta da jirginsa don gwaji, sai ya tarar ta fi tasa nesa ba kusa ba.

Gwajin nan ya ƙi ƙarewa. Auta ya tambaya, Yaya ya ce fenti bai bushe ba. Ya sake tambaya, ya ce akwai wata ƙara da yake ji. Har sai da Anti ta ce masa, "Kai fa ka yi ta da hannunka. Yanzu kuma da aikin hannunka kake kishi?"

Ya ce, "Ba za ki gane ba. Zai taka ta ne kawai. Ba zai taɓa sanin wahalar da ke cikinta ba."

"To ai don a taka aka yi ta."

Ranar hutu ya naɗe ta a tsohon bargo ya kai da kansa, ni ma na raka shi. Shi ya ɗaura ta, shi ya daidaita ta, bai bar Auta ya taɓa ko kusa ɗaya ba. Mai Kemis da Tsohon Direba suna wurin, suka gwada suna ta santi. Duk wanda ya shigo Auta sai ya ce, "Yayana ne ya ƙera, babu irinta a kasuwa." Baƙar fedar kamfani kuwa aka tura ta ƙarƙashin tebur. Auta ya ce ko Yaya zai tafi da ita ya ciri abin da zai cira, Yaya ya ce ba ya so. Sai da muka zo fita Yaya ya ce a sa ta a but ɗin mota, kada ta tare musu wuri.

Muka kama hanya har muka kusa gida. Sannan ya ce, "Kin ga yadda yake danna ta? Da ƙarfi, kamar mai kashe kyankyaso. Zai karya mini hinji."

Na ce, "In ya karya ai sai ka gyara."

Ya ce, "Ni ne ma zan gyara."

Yanzu abokan sun raba zuwa, wani mako can, wani mako nan. Yaya yana zuwa gidan Auta, amma ba ya zama a kujerar jirgin. Yakan tsuguna ya duba noti, ya ɗiga mai, ya yi faɗa a kan ƙura, ya sha shayinsa a tsaye. Idan aka yabi Auta a gabansa har yanzu sai ya sami abin da zai ce. Idan kuma wani bare ya kushe Auta, sai ya kusa cinye shi ɗanye. Mama ta ce a ƙyale shi, haka Allah ya yi shi, kuma ita dai tunda suna cin abinci a faranti ɗaya in sun zo gidanta, sauran ba matsalarta ba ce.